Haƙƙi a Yamai, Kaso a Dakoro

Ranar 14 ga watan Disamba na 2011 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2011-42, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, ta kuma kafa hukumar da za ta ɗauki nauyin wannan aiki, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na Faransanci, wato ANAJJ. Waɗanda suka rubuta wannan doka sun cancanci yabo, ba kuma ni zan hana su ba. A cikinta ƙasa ta amsa da bakinta cewa duk wanda aka gurfanar gaban alƙali, in ba shi da abin biyan lauya, bashi ne a wuyanta ta sama masa mai tsaya masa. Sai dai shekaru sama da goma sun shuɗe, kuma lokaci ya yi da za a daina auna dokar da kyakkyawar niyyar masu rubuta ta, a koma auna ta da mutumin da aka yi ta dominsa. Ni kuwa ma'aunina shi ne manomin Kornaka da makiyayin kwarin Tarka, ran da jandarma suka sa shi gaba zuwa Dakoro. In dokar ta iske shi can, to doka ce. In kuwa ba ta iske shi ba, ado ce da muke nuna wa baƙi.

Bari mu fara da ƙasa, domin shari'a ma a kan ƙasa take tafiya. A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Dakoro tana da mutum sama da dubu 600, warwatse tun daga gonakin Ɗan Gulbi da Sabon Mashi har zuwa bakin makiyayar arewa. Garin yana da ƙaramar kotu, yana da jandarma, yana da gidan kaso. Ke nan duk abin da hukuma ke buƙata don ta kama mutum, ta tuhume shi, ta yanke masa hukunci, ta kulle shi, an kawo shi har ƙofar gida. Abu guda ne aka bari a baya. Da aka tashi buɗe rassan hukumar taimakon marasa hali, a jikin manyan kotuna goma na ƙasar aka buɗe su, irin su Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Agadas. Tsakanin Dakoro da Maraɗi akwai kimanin kilomita 120. Lauyoyi kuwa, waɗanda a shekarun 2010 ba su kai 200 ba a ƙasar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 17, kusan dukkansu a Yamai suka buɗe ofisoshinsu, fiye da kilomita 700 daga Dakoro. Ban ga laifin lauyan da ya zauna inda bankuna da kamfanoni suke ba. Kowa inda zai ci abinci yake kafa rumfa. Laifin yana wuyan wanda ya san haka sarai, sa'an nan ya tsara doka kamar bai sani ba.

Mai karatu ya dubi abin da ya faru a 2018. Shekara da shekaru, a ƙananan kotunan gundumomi, alƙali guda ne ke riƙe da tuhuma, shi ke bincike, shi kuma ke yanke hukunci. Kowa ya san wannan ba daidai ba ne, har dokar tsarin kotuna ta ranar 1 ga Yuni 2018 ta zo da tanadin raba waɗannan ayyuka, ta kuma tanadi wakilin mai gabatar da ƙara a ƙananan kotuna. Madalla. Ashe dai in hukuma ta ga dama tana iya ƙirƙiro kujera, ta yanka mata albashi, ta tura ma'aikaci ya je ya zauna a gunduma. An yi wa mai tuhuma haka. Me ya hana a yi wa mai kariya? Sikeli ne aka ƙara wa tasa guda nauyi aka bar ɗayar wayam, sa'an nan aka ce an yi gyara.

Yanzu mu bi sawun wanda aka kama, mu ga inda ƙaddararsa ke yankewa. Mutane da yawa suna zaton ranar zaman kotu ce ranar shari'a. Alhali kuwa mafi yawan shari'u tun a ofishin jandarma ko na ƴan sanda suke ƙarewa, cikin awa 48 na tsarewar farko, wadda ake iya sabuntawa. A nan ake yi wa mutum tambayoyi da Hausa, ko da Fulatanci, ko da wata gurguwar Hausa in shi Buzu ne, sa'an nan a rubuta amsarsa da Faransanci, a miƙa masa takarda ya dangwala yatsa. Bai karanta ba, domin bai iya ba. Ya ce akuyar ta biyo garkensa daga bakin rijiya, ya riƙe ta yana jiran mai cigiya. Abin da ya shiga takarda shi ne an sami akuyar a hannunsa kuma ya amsa. Ba sai wani ya yi mugunta ba kafin haka ta auku, gajiya da gaggawa da bambancin harshe sun isa. Wannan takarda ita za ta riga shi zuwa gaban alƙali, ita za ta yi magana kafin ya buɗe baki, kuma duk abin da ya faɗa daga baya wanda ya saɓa mata, za a ɗauka ya canza magana ne.

To, a kan wannan ma akwai doka, kuma mai kyau. Ƙa'idar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta Yammacin Afirka, UEMOA, mai lamba 05 ta ranar 25 ga Satumba 2014, wadda ta fara aiki a farkon 2015, ta ba lauya damar tsaya wa wanda yake karewa tun daga lokacin da aka kama shi. Ɗan kasuwar Yamai ya amfana da ita: kafin a gama rubuta sunansa lauyansa ya iso. Ga mutumin Soli Tagiris kuwa, kamar a ce wa mai ƙishirwa a tsakiyar daji an ba shi izinin shan ruwan kogin Kwara ne. Ba a hana shi ba, wannan gaskiya ne.

Dokar 2011 ta raba masu neman taimako gida biyu. Akwai waɗanda ake ba mai kariya kai tsaye ba tare da an tambayi abin hannunsu ba: yara ƙanana da ake tuhuma ko waɗanda aka cuta, naƙasassun da ba za su iya kare kansu ba, matan da aka ci zarafinsu ko masu neman ciyarwa, gado ko riƙon ƴaƴa, da kuma waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka irin na kisan kai. Wannan jeri babu abin kushewa a cikinsa. Amma a dubi wanda ya rage a waje. Shi ne baligi, lafiyayye, wanda ake tuhuma da matsakaicin laifi: sata, duka da jin rauni, cin amana, ɓarnar gona da ta kai ga faɗa, satar dabba. Waɗannan su ne abincin yau da kullum na kotu irin ta Dakoro, yankin da iyakar noma ta arewa, wadda dokar 1961 ta shata, ta ratsa ta cikinsa, inda kowace kaka manomi da makiyayi ke haɗuwa a bakin burtali. Kada kalmar "matsakaici" ta ruɗi kowa. Dokar hukunta laifuffuka ta ware wa satar dabbobi babi na musamman mai tsanani, kuma shekarun da ake yankewa a kan irin waɗannan laifuffuka sun isa gona ta koma saura, garke ya watse, mata ta nemi saki, ƴaƴa su bar makaranta. Wannan mutum, shi ne mafi yawa a gidajen kasonmu, kuma shi ne dokar ta ce sai ya nema, sai kuma ya tabbatar da talaucinsa.

Tabbatar da talauci! A watan Janairu na 2014 aka fitar da dokar zartarwa da ta bayyana sharuɗɗa da hanyoyin wannan tabbatarwa. A ofis, abin yana da ma'ana: dukiyar jama'a ce, kada mai hali ya ci rabon mara hali. Amma a tambayi kai, wane ne zai rubuta takardar nema, wane ne zai bi sawun takardar shaidar rashin hali daga wannan ofis zuwa wancan, wane ne zai biya kuɗin mota zuwa Maraɗi da dawowa, alhali mai neman yana kulle, matarsa ba ta taɓa taka ƙofar ma'aikatar magajin gari ba, shi kansa wataƙila ko takardar haihuwa ba shi da ita? Mun ƙirƙiro gwajin talauci wanda sai mai ɗan hali da ɗan ido a gari ke iya cinye shi. A ƙasar da ta daɗe tana cikin na ƙarshe a jerin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kamata ya yi a juya lamarin: duk wanda aka tsare, bai kuma kawo lauya da kansa ba, a ɗauke shi mara hali har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ke da shanu ɗari ba ya ɓuya a Dakoro. Kafin alƙali ya tambaya, kasuwa ta faɗa masa.

Na zo kan abin da ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. A inda babu lauya, doka ta yarda a naɗa wani mutum wanda ba lauya ba ya kare wanda ake tuhuma, shi ne ake kira défenseur commis d'office da Faransanci. Ma'aikatar shari'a ke fitar da jerin sunayensu, kuma da yawa daga cikinsu malaman makaranta ne, ko wasu ma'aikatan gwamnati, ko waɗanda suka yi ritaya. Wato ƴan'uwanmu ne, abokan alli. Ina girmama su ƙwarai, domin abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa su kaɗai ne fuskar rahama da wanda ake tuhuma zai gani a zauren kotu. Amma girmamawa ba ta hana faɗin gaskiya. Malamin tarihi da aka yi wa horon ƴan kwanaki, aka tsayar da shi gaban mai gabatar da ƙara wanda ya share shekaru yana karatun shari'a, me ake jira ya yi? Zai miƙe, ya ce wanda ake tuhuma talaka ne, yana da iyali, wannan ne karonsa na farko, ya roƙi kotu ta yi sassauci. Wannan roƙo ne, kuma roƙo yana da ladarsa, sai dai kariya wani abu ce daban.

Mai kariya na gaskiya shi ne wanda zai duba ko an wuce awannin tsarewa, ya nemi a soke takardar da aka rubuta ba bisa ƙa'ida ba, ya tafi ƙauye ya nemo wanda ya ga akuyar tana bin garken, ya ce a kawo shi ya yi shaida, ya nemi a saki mutum ya koma gida kafin ranar shari'a, ya kuma ɗaukaka ƙara kafin ƴan kwanakin da doka ta yanka su ƙare. Kusan duk waɗannan ayyuka kafin ranar zaman kotu ake yin su, ko bayanta. Wanda aka miƙa wa takardun shari'a ana gobe za a zauna, ko da safiyar ranar, ko da shi ne shugaban lauyoyin ƙasa, babu abin da zai iya sai roƙo. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: malami ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune gari guda da alƙali da kwamandan jandarma, ana iya canza masa wurin aiki da takarda guda. Lauya yana da ƙungiya a bayansa da rigar da ke kare shi in ya ɗaga murya. Shi malam mene ne a bayansa? Da haka aka wayi gari muna da shari'a hawa biyu, mai kuɗi da lauya, talaka da mai roƙo, kuma a rahoton ƙarshen shekara duka biyun za a rubuta "an kare shi".

Akwai kuma waɗanda ko ranar roƙon ba su kai ba. Rahotannin shekaru da dama sun nuna cewa fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason Nijar ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Gyare-gyaren da aka yi wa dokar bin shari'ar laifuffuka a shekarun 2000 sun yanka wa wannan jira wa'adi, wata 6 ga matsakaicin laifi, wata 18 ga babba, tare da damar ƙarawa sau ɗaya. Amma wa'adi ba ya buɗe ƙofa da kansa. Sai wani ya ƙirga watannin, ya rubuta, ya je ya tsaya. Wanda ba shi da kowa, wa'adinsa na iya cika ya wuce shi da kansa bai sani ba, domin ba a taɓa gaya masa akwai wani wa'adi ba.

Na san amsoshin da ake bayarwa, na sha jin su a zauren malamai da bakin kasuwa. Ta farko ita ce mai gaskiya ba ya buƙatar lauya, lauya ɗan kare ɓarayi ne, mai mayar da fari baƙi. Wasu har su ƙara da cewa al'adarmu da addininmu ba su san shi ba, kayan Nasara ne. Wannan magana ba ta da tushe, kuma malamanmu na zaure sun fi kowa sanin haka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa daga Maraɗi har Katsina, irin su Tuhufa ta Ibn Asim, suna da babin wakilci, inda aka yarda mutum ya wakilta wani ya yi husuma a madadinsa. A cikinsu ne kuma aka wajabta wa alƙali i'izari, wato kafin ya yanke hukunci ya tambayi wanda hukuncin zai faɗa wa ko yana da sauran hujja, ya kuma ba shi lokaci ya kawo ta. Hadisin da Ummu Salama ta ruwaito ya yi gargaɗi a kan cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, har a yanke masa abin da ba nasa ba. Annabi Musa ma, da aka aike shi ga Fir'auna, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. In Annabi mai gaskiya ya nemi wanda zai taya shi magana a gaban mai mulki, ina ga bawan Allah da aka fito da shi daga ɗakin tsarewa, bai yi barci ba, ana yi masa shari'a da harshen da bai ji?

Maganar harshe ta cancanci a tsaya a kanta. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, sa'an nan kundin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ƙungiyoyinmu na raya al'adu sun yi murna, ni ma na yi. Sai dai darajar harshe ba a bikin buɗe taro ake gane ta ba. Ran da mutum zai iya jin tuhumar da ake yi masa, kalma bayan kalma, a karanta masa abin da aka rubuta da sunansa kafin ya dangwala yatsa, mai kare shi kuma ya zauna da shi su biyu su yi magana ba tafinta a tsakani, ran nan ne Hausa ta shiga kotu. Kada kuma murna ta mantar da mu cewa a Dakoro akwai Bafillace da Buzu waɗanda Hausarsu ta ciniki ce, ta isa sayen gero, ba ta isa kare kai ba. Abin da muka yi kuka da shi daga Faransanci kada mu ɗora wa wasu da Hausa.

Amsa ta biyu ita ce muna da sarakuna, su ke sasanta mutane. Haka ne, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a rigingimun gona, aure da bashi, kuma ba don su ba da kotuna sun nutse. Amma da zarar magana ta zama ta laifi, ta shiga hannun jandarma, ta fita daga zauren sarki. A daidai inda hukuncin ya fi tsanani, a nan ne mutum ke rasa waɗanda suka san shi, suka san ubansa.

Amsa ta uku ita ce babu kuɗi, ga yaƙi, ga yunwa, ga makarantun zana. Ita ce mafi nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amma a yi lissafin duka. Mutumin da ya kwana shekara a kaso yana jiran shari'ar da mai kariya zai iya kashewa cikin mako biyu, wa ke ciyar da shi, wa ke tsaronsa, wa ya yi asarar damina? Baitulmali ke biyan rashin kariya, sai dai a wani shafi na kasafin ake rubuta shi. Sa'an nan an daɗe ana jingina wannan aiki ga masu ba da tallafi, Tarayyar Turai da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, su ke biyan horo, su ke biyan tafiye-tafiye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da yawa daga cikin tallafin waje ya tsaya. Tun da yanzu maganar ƴancin kai da dogaro da kai ce a bakin kowa, ga wurin gwada ta: ƙasar da ke biyan mai tuhuma daga aljihunta, ta bar mai kariya ga baƙo, ba ta gama karɓar shari'arta ba.

Wanda ke shakkar abin da mai kariya ke iya canzawa, ya tuna da Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jaka 240, a yankin Ƙonni. Bayan an ba ta takardar ƴanci ta auri wanda take so, sai a 2007 kotu ta yanke mata wata 6 a kan laifin aure kan aure, ta kuma shiga kaso. Dokar da ta haramta bauta tana nan a rubuce tun 2003, ba ta hana ba. Abin da ya canza labarin shi ne ƙungiyar Timidria da abokan aikinta sun sama mata lauyoyi, suka kai maganar kotun ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008, a zamanta na Yamai, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Mace guda, gaskiya guda, dokoki guda; da babu lauya ta kwana a kaso, da lauya ta kayar da gwamnati. Kuma a lura, Nijar ta fice daga wannan ƙungiya a watan Janairu na 2025, ke nan waccan ƙofa ta waje ba ta nan kamar da. Nauyin da ke kan ƙofofin gida ya ƙaru ke nan.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A Amurka, sai a 1963 kotun ƙoli ta wajabta wa jihohi ba talaka lauya a manyan laifuffuka, bayan wani fursuna a Fulorida, Clarence Gideon, ya rubuta mata koke da fensir. Da aka sake shari'arsa da lauya, aka wanke shi. Har yau lauyoyin gwamnati a can suna kuka da yawan shari'u, abin da ke nuna rubuta haƙƙi ya fi biyan kuɗinsa sauƙi ko'ina. Amma darasin da ya fi kusa da mu daga Afirka yake. Malawi, matalauciya kamarmu, mai ƙarancin lauyoyi kamarmu, ta fara a 2000 da horar da mataimakan shari'a waɗanda aikinsu ke nan kullum: shiga gidajen kaso, ƙirga wa'adi, nemo dangi da shaidu, koya wa tsararru yadda za su nemi beli. Daga wannan ne sanarwar Lilongwe ta 2004 ta fito, Saliyo kuma ta sa irin waɗannan ma'aikata cikin dokarta ta 2012. Ba su jira ranar da lauyoyi za su ƙaura ƙauye ba, ba su kuma ɗauko malamin makaranta ranar shari'a suka ce ya wadatar ba. Sun mai da kariya sana'a, mai horo, mai albashi, mai zama a wurin.

Abin da nake nema bai wuce wannan ba. Kowace ƙaramar kotu, har da ta Dakoro, ta sami mai kariya zaunanne wanda baitulmali ke biya, kamar yadda take da magatakarda. Jami'o'inmu suna yaye masu digirin shari'a da ke yawo da takardu babu aiki, ga aiki. A ba shi izinin shiga ofishin jandarma tun awa ta farko da gidan kaso kowane mako, ya kasance yana jin harshen mutanen wurin, kuma kada canjin wurin aikinsa ya kasance a hannun waɗanda yake jayayya da su. Ƙungiyar lauyoyi, wadda ke kishin kada wani ya taɓa sana'arta, ta zaɓa: ko ta tura matasanta su yi zaman gundumomi bi da bi, ko ta buɗe hanya ga waɗanda za su zauna. A watan Agusta na 2025 lauyoyi sun ajiye aiki na kwana biyu don nuna rashin yarda da rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a. Haƙƙinsu ne, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne. Amma ya kamata ya dame su cewa a yawancin gundumomin ƙasar nan, wanda ke kwance a kaso bai ga bambancin waɗannan kwana biyu da sauran kwanakin shekara ba.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya wasan kwaikwayo a kan auren wuri da allurar rigakafi, su shirya a kan awa 48, su sa a gidajen rediyon karkara, domin mutum ya san yana da damar cewa a karanta masa takarda kafin ya dangwala, ya san akwai wa'adi, ya san ana ɗaukaka ƙara. Malaman da suka iya harsuna biyu su zauna su juya dokar 2011 zuwa Hausar da tsohuwa za ta gane, su kuma nemi waɗanda za su juya ta zuwa Fulatanci da Buzanci. Ku kuma ƴan'uwa da sunayenku ke cikin jerin masu kariya, in aka miƙo muku takardu da safiyar ranar shari'a, ku miƙe cikin ladabi ku ce ba ku gana da mutumin ba, ku nemi a ɗage zama, ku kuma nemi magatakarda ya rubuta cewa kun nema.